Wasiƙa daga Takai

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali a can Fatakwal. Mu nan ƙalau muke, an girbe gero, ana jiran dawa ta nuna. Saƙonka ya iso, inda ka ce in zaɓa maka littattafan tarihi waɗanda ɗan kasuwa zai iya karantawa da daddare bayan ya rufe shago, ba tare da barci ya kwashe shi a shafin farko ba.

Shawarata ita ce ka fara da tarihin gida, kuma da Hausa. Ka nemi Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, wanda ya fito a 1958. Ba shi da kauri, Hausarsa kuma irin ta dattawan cikin birni ce, ba ta wahalar da mai karatu. Abin da ya sa na sa shi a gaba shi ne, zai kawo ka har ƙofar gidanmu, domin yaƙin basasa da aka yi a kan sarautar Kano tsakanin Tukurawa, magoya bayan Sarki Tukur, da Yusufawa, magoya bayan Yusufu, daga 1893 zuwa 1895 a nan Takai Yusufawa suka yi sansani, Yusufu kansa a Garko ya rasu, sannan ƙanensa Alu ya jagoranci rundunar har ta shiga Kano. Kofena ya tsufa, bangonsa ya yage har na yi masa sabo da takardar buhun siminti, amma duk ranar da na karanta wannan babi a dandali bayan sallar isha'i, sai dattawa sun tsayar da ni sun ƙara da abin da suka ji daga kakanninsu.

Idan ka gama, ka koma baya da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda aka buga a Zariya juzu'i biyu wajen 1932 da 1933. A ciki akwai tsohon tarihin sarakunan Kano da aka fassara daga Larabci: Barbushe da tsafin Tsumburbura a gindin Dala, zuwan Bagauda, isowar Wangarawa, malamai daga ƙasar Mali, a zamanin Sarki Yaji, da Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ba zan ɓoye maka ba, akwai wuraren da lissafin sarakuna ne kawai, wane ya hau, wane ya gaje shi. Ka tsallake su, ba laifi ba ne.

Sai dai duk waɗannan labarin fada ne da na mayaƙa, shi ya sa littafin da na fi so ka karanta shi ne na Baba mutuniyar Karo. Tsohuwa ce da aka haifa wajen 1877, ta zauna da wata Baturiya mai suna Mary Smith a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 tana ba ta labarin rayuwarta, aka buga shi da Turanci a 1954, daga baya kuma aka fitar da shi da Hausar da ta faɗe shi. A bakinta za ka ji yadda mahara ke sace mutane, dangi su yi ta tara kuɗin wuri don su fanso su, da yadda bayi ke zaune a rinji, wato ƙauyen bayi, da sha'anin aure, kishiya, goyo, ƙawance da bori. Ta ma faɗi abin da ba kasafai littafin fada ke faɗa ba, wato cewa akwai talakawan da suka yi murna da zuwan Turawa saboda sun gaji da hare-hare. Ko ka yarda da ita ko ba ka yarda ba, za ka ji kamar kakarka ce ke yi maka hira a tsakar gida.

Game da zuwan Turawan kuwa, akwai Zuwan Turawa Nijeriya ta Arewa na Abdulmalik Mani. Ka karanta shi kana tuna cewa a zamanin mulkinsu aka rubuta shi. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903 alhali Sarki Alu ba ya gari, Haɗeja kuwa sai a 1906, bayan Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya har aka kashe shi.

Na Dokaji zan ba direban da ke kai muku kayan gwari ya kawo maka, sauran kuma zan duba wajen masu sayar da littattafai a Sabon Gari idan na shiga birni. Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara.

Naka amini,
daga Takai.