Godiya ta musamman ga ma'aikatan ajiyar takardu na Arewa House, Kaduna

Assalamu alaikum jama'a.

Na daɗe ina so in yi wannan godiya kuma in yi ta a fili inda kowa zai gani, don mu dai halinmu ne idan ofis ya ɓata mana rai mu cika gari da ƙorafi, amma ranar da aka mana abin kirki sai mu ja baki mu yi shiru. Godiyar tawa zuwa ga ma'aikatan sashen ajiyar takardu ne na Arewa House da ke titin Rabah a Kaduna, cibiyar nan ta Jami'ar Ahmadu Bello, musamman wani bawan Allah ɗaya a cikinsu da ba zan kama sunansa ba saboda na ga irin halinsa, ba zai ji daɗi ba. Ni da Hajiya mahaifiyarmu da ƙannena gaba ɗaya muna cewa Allah ya saka da alheri.

Baba, Allah ya jiƙansa, malamin tarihi ne, ya koyar a Samaru tun farkon shekarun 1970 har ya yi ritaya. Da ya rasu abin da ya bari mafi yawa takarda ce. Ɗaki guda cur. Akwatunan ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana, kwalaye, buhuna, lakcocin da ya buga da tafireta, handawut na sitensil da tawadarsu ta fara dusashewa, wasiƙu, kundayen ɗalibansa da ya bi da jan biro, tsofaffin Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian da ya yayyanke, ga kuma kaset-kaset cike da wata tsohuwar jakar fata. Wajen rabon gado kowa ya san yadda za a yi da gida da fili, takarda kuwa ba wanda ya ce a ba shi. Ga ƙanina zai yi aure yana buƙatar ɗakin, ga gara ta fara cin kwalayen da ke jikin bango, har wani ɗan uwanmu ya kawo shawarar a kira masu saye a kilo su kwashe, ka san inda suke ƙarewa, wajen mai ƙosai da mai tsire. Hajiya ta ce muddin tana da rai ba za a naɗe ƙosai da rubutun mijinta ba.

To daga nan na fara yawo. Na fara da wata hukuma ta jiha wadda a sunanta ma aikinta kenan. Yau oga baya nan, gobe oga yana mitin, jibi ka rubuto a takarda, na rubuta na kai aka buga mata hatimi, da na koma bibiya aka ce ba a ga fayil ɗin ba sai dai in sake rubutowa, kuma wanda zai shigar min da ita ciki yana ta sosa ƙeya yana maganar na goro. Kyauta fa na zo bayarwa jama'a, ba kwangila na zo nema ba. Na bar su na tafi ɗakin karatu na wata babbar makaranta, can kuma mutumin da na samu ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba, ya ce su littattafai masu bango kawai suke karɓa, sauran tarkacen mu san yadda za mu yi da su. Tarkace. Aikin shekara talatin da wani abu na mutum. Da zan fita na leƙa wani sito da ƙofarsa ke buɗe, kundayen digiri ne jibge a ƙasa, silin ya ɓule ruwan damina ya sauka a kansu sun kumbura sun yi fumfuna, sai na gode wa Allah ma da bai karɓa ba.

Wani tsohon ɗalibin Baba ne da ya zo gaishe da Hajiya ya ce me zai hana mu gwada Arewa House. Ni gaskiya abin da na sani game da wajen shi ne gidan Sardauna ne, inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966, sai gidan tarihi da babban ɗakin taro da 'yan siyasa ke zuwa. Ashe tun 1970 Farfesa Abdullahi Smith ya kafa wajen don tattara takardun tarihin Arewa da bincike a kansu, shi ne Baturen Ingila ɗin nan da ya musulunta, ya jagoranci sashen tarihi a Zariya, ya rasu a 1984. Baba yana yawan ambatonsa a gida. Suna da ɗakin karatu, suna da rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, suna da takardun mutane.

Na shiga da shirin a ce min in dawo gobe. Aka nuna min ofis, malamin ya miƙe ya ba ni hannu ya jawo min kujera, ya min ta'aziyya tukuna kafin komai, sannan ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Tambayarsa ta farko ita ce, "Alhaji, an taɓa jera su ko an zubar da wani abu?" Na ce a'a. Ya ce alhamdulillahi, don Allah kada ku jera, kada ku ware, ko takardar da kuka ga kamar shara ce ku bar ta inda take. Ya min bayanin cewa yadda mai takardu ya ajiye kayansa shi ma bayani ne, idan wasiƙa tana cikin fayil ɗaya da wata lakca to akwai dalilin da ya sa ya haɗa su, in ka raba su ka ɓatar da dalilin. Ni da na zata taimako zan musu idan na ware wasiƙu gefe, jaridu gefe.

Kuma shi da kansa ya zo Zariya. Ranar Asabar, a motar haya. Ya durƙusa ya gaida Hajiya yana ce mata Mama, ya nemi izininta kafin ya shiga ɗakin, ya sa takunkumi a hanci ya zauna a tabarma ya fara buɗe akwatuna ɗaya bayan ɗaya yana rubuta lamba da fensir. Kwalayen da gara ta taɓa ya sa muka fitar da su daban don kada su shafi sauran. Waɗanda suka yi fumfuna ya ce a shanya su a inuwa inda iska ke kaɗawa, ba a rana ba, in sun bushe a share da burushi mai laushi. Ina tsaye a kansa ya ɗauko wata wasiƙa da ƙaramin ƙarfen da aka maƙale ta da shi ya yi tsatsa har ya ci takardar ya bar jan tabo, ya sa wani ɗan siririn ƙarfe ya ɗaga shi a hankali yana riƙe numfashi, ya fi minti biyu a kan fil ɗaya. Ƙanwata ta ce ai da an kai muhimman an musu laminatin, ya yi murmushi ya ce Hajiya ƙarama kada ki soma, zafi da gam ɗin suna lalata takarda kuma ba a iya cirewa, haka salatif, bayan 'yan shekaru zai bushe ya faɗi ya bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita. Ya ce takardar jarida ita ta fi saurin mutuwa saboda sinadarin da ke jikinta, har takan ɓata ta kusa da ita, shi ya sa ake sa farar takarda a tsakani. Kuma yanayinmu ma bai taimaka ba, damina danshi, hunturu takarda ta bushe ƙamas tana karyewa.

Inda na san mutumin nan ya san aikinsa shi ne da ya buɗe ƙananan littattafan rubutun Baba. Duk gefen shafukan cike suke da wasu haruffa da lambobi da mu ba mu taɓa gane su ba, ZARPROF kaza, KANPROF kaza, SNP kaza. Yana gani ya ce ai lambobin fayilolin zamanin Turawa ne da ke ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, wato National Archives ta Kaduna, na lardin Zazzau da na Kano da na ofishin sakataren Arewa, wato Baba ya zauna ya karanta su ya kwafe da hannu lokacin da babu fotokwafi a ko'ina. Ya ce wani lokaci irin wannan kwafin yakan zama shi ne ya rage idan asalin ya tsufa ya daina karantuwa. A bayan wani littafin kuma lissafin kuɗin tafiya ne, kuɗin mota, goron tsofaffi, batir, shafukan farko da fam da sule, can gaba ya koma naira da kwabo, ya ce ko ba kwanan wata wannan ya nuna maka an tsallaka 1973.

Kaset ɗin kuwa su suka fi faranta masa rai. Hirarraki ne da Baba ya yi da tsofaffi a ƙauyuka, mutanen da suna yara Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, wasu suna ba da labarin babbar yunwar 1913 zuwa 1914, wasu zuwan jirgin ƙasa, wasu fatauci da jakuna. Duk sun rasu, 'ya'yansu ma da yawa sun bi su. Ya hana mu saka su a tsohuwar rediyon gida don zaren ya daɗe a naɗe yana iya mannewa ko ya tsinke, ya sa fensir a ramin ɗaya ya juya a hankali ya ga ko yana tafiya. Daga baya da suka fara juye su a kwamfuta ya turo mana guda ɗaya ta waya. Muryar Baba yana saurayi, yana cewa ranka ya daɗe a wace shekara kenan, ga kukan zakara a baya. Hajiya ta ce a kashe. Can anjima ta ce a mayar daga farko.

Maganar takardar yarjejeniya ma bai yi mana gaggawa ba. Ya karanta wa Hajiya ya fassara mata da Hausa, ya ware wasiƙun da suka shafi iyali ya ce ita ke da iko, ko ta riƙe su ko ta ba da da sharaɗin ba za a buɗe ba sai bayan shekarun da ta yanka. Takardun sakamakon ɗalibai da wasiƙun da Baba ya rubuta a kan wasu mutane ya ce waɗannan ba a baje su ga kowa tunda masu su suna raye. Ni ko tunanin wannan ban kawo ba. Sauran aikin, ɗauko kaya da lissafi da sa hannu, duk ya tafi daidai, an ba mu kwafin jerin abin da aka karɓa.

Da zai tafi na bi shi waje na miƙa masa ambulan na ce ko na mota. Ya mayar da hannunsa baya ya ce Alhaji mu ya kamata mu gode muku, ku kuka kawo mana dukiya. Na matsa, ya ce in dai sai na yi wani abu to in saya wa takardun kwalaye masu kyau irin waɗanda ba su da sinadarin da ke cin takarda, don tsada gare su. Fura kawai ya sha a gidanmu.

Abin da ke damuna har yanzu shi ne mu sa'a muka yi. Malaman jami'a nawa ne suka rasu a 'yan shekarun nan, na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, mutanen da suka shiga ƙauyuka da rikoda a kafaɗa lokacin da tsofaffin suna nan? Ina takardunsu? A wurare da yawa malami na rasuwa abin da ake fara tambaya shi ne makullin ofis, a kwashe kayan a zuba a sito ko a ce iyali su zo su ɗauka kafin ƙarshen wata, iyalin kuma ba wanda ya taɓa gaya musu akwai inda ake kaiwa. Za a yi taron tunawa, a yi jawabai, a sa wa wani ɗakin lakca sunansa, amma binciken da ya kashe ƙuruciyarsa a kai yana can ɓera na sheƙa a ciki. Sannan ɗalibinmu ya tashi yin digiri na uku a kan garinsu sai an nemo masa kuɗin zuwa Landan. A ganina ya kamata kowace jami'a ta sa mutum ɗaya wanda aikinsa kenan, ya riƙa zuwa wajen malamai tun suna raye, tun kafin ritaya, ya tambaye su me suke da shi kuma ina suke so ya je, don mai abu shi ya san wace murya ce a wane kaset. Na Baba akwai waɗanda ba a rubuta komai a jikinsu ba, yanzu sai an saurara ana cinka.

Don haka ina roƙon tsofaffin ɗaliban Baba da abokan aikinsa da suka gane wanda nake magana a kai, duk wanda ya taɓa raka shi ƙauye ɗaukar hira, ya taimaka ya leƙa Arewa House ya saurari kaset ɗin nan ko zai gane garin ko mai maganar. Wanda kuma yake da wasiƙarsa ko tsohon handawut ɗinsa ya kai a haɗa da sauran, ko kwafi ne sun ce suna so.

Ga ma'aikatan kuma, daga mai gadin ƙofa har malam, mun gode, Allah ya jiƙan iyayenku.

Naku,
Babban ɗan marigayin, a madadin iyali, daga Zariya.