Roƙon tallafi daga kwamitin masallacin Juma'a: mu tanadi kayan agaji tun ruwa bai zo ba

Assalamu alaikum jama'a, iyayenmu da yayyenmu, da 'yan uwa mazauna Kano da Abuja da sauran wurare.

Duk wanda yake Haɗejia a damunar 2022 ba sai an ba shi labari ba, kogi ya cika ya batse, kachala ta toshe hanyar ruwa, matasa suna kwana a bakin jinga suna cika buhu da ƙasa, mutanen ƙauyukan Auyo da Kafin Hausa suna kwana a azuzuwan makaranta. A lokacin kuɗi ma bai yi wani amfani sosai ba wallahi, don hanya ta yanke mota ba ta shigowa, buhun da babu komai a ciki ya zama abin nema, tamfol kuwa in ka samu to farashin sai addu'a. Maiduguri ma haka aka yi a Satumban 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle, cikin dare ruwa ya shiga gari mutane na barci.

Shi ya sa kwamiti ya zauna da liman aka yanke shawara bana ba za mu jira Agusta ba. Mun ware ɗaki ɗaya a islamiyya ɓangaren tudu, za a jera katako a ɗora kaya a kai. Muna neman buhuna, tamfol, tabarmi, gidan sauro, jarkoki da bokitai, sabulu, alif da maganin tace ruwa, sai fakitin ORS, wato haɗin gishiri da sukari, saboda amai da gudawa da ke biyo bayan ambaliya, yara ya fi kayarwa. Hatsi kuma gero da masara da garin kwaki, yanzu ne da sauƙi kafin marka.

Wasu na cewa ai hukumomin agajin gaggawa NEMA da SEMA za su kawo, eh suna kawowa, amma kafin su iso kwanakin farko mu ne da kanmu. Wani kuma ya ce in ruwan bai zo ba fa? Alhamdulillah, haka muke fata, hatsin sai a raba wa marayu da zawarawan unguwa, tamfol da gidan sauro ba sa ruɓewa.

Ko kwano ɗaya ne dan Allah a kawo, kar a raina. Iyaye mata su ba malamar islamiyya, maza su ga ma'aji bayan sallar Juma'a, akwai rasit, kuma duk ƙarshen wata za a karanta lissafi a masallaci. Mai Keke Napep ko a-kori-kura da zai taimaka da ɗaukar kaya shi ma ya rubuta sunansa wajen ladan.

Allah Ya saka da alheri.
Kwamitin masallaci