Karramawar da matan majami'a suka yi a Tawa ta cancanci shiga jarida

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana a kan wani taro da zumuntar mata ta wata majami'a ta shirya a nan Tawa, inda suka karrama wasu mutanen jiharmu masu fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam. Ni Musulmi ne, maƙwabciyata ce ta gayyace ni, kuma na je ne da zaton zan tarar da manyan baƙi da dogayen jawabai irin waɗanda muka saba ji.

Abin da na tarar ya bambanta. Waɗanda aka kira gaba su ne wata ungozoma da ke bin iyaye har gida sai sun yi wa jariri takardar haihuwa, da wani dattijo da ke raka zawarawa kotu idan dangin miji suka hana su gadonsu, da wata malama da ta sha zama da iyaye tana roƙon a bar yarinya ta gama karatu kafin a ɗaura mata aure. Yawancinsu Musulmi ne. Kyautar ba ta wuce turmin atamfa da takardar yabo ba, amma na ga dattijon nan yana share ƙwalla da gefen rawaninsa.

Na ji wasu suna gunaguni cewa ina ruwan matan Kirista da wannan sha'ani. Ina ganin mai faɗin haka ya manta tarihin jiharsa. A yankinmu ne aka sayar da Hadijatou Mani tana da shekara 12, ta zama wahaya, wato baiwar da ake ajiyewa kamar mata ba tare da aure ba, a gidan wanda ya saye ta, kuma duk da dokar 2003 da ta mayar da bauta laifi, sai da ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bautar da mutane da lauyoyi suka tsaya mata har kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma (CEDEAO), wadda ta zauna a Yamai, ta yanke hukunci a watan Oktoban 2008 cewa ƙasar Nijar ta gaza kare ta, a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Babu wanda ya tambayi addinin waɗanda suka riƙe mata hannu a lokacin. Haka nan matan da suka fito kan titunan Yamai ranar 13 ga Mayun 1991, suna neman a ba su gurbi a shirin babban taron ƙasa, ba su ware kansu bisa masallaci ko majami'a ba. Su kuwa waɗannan matan majami'a, da suka ga yadda aka ƙona majami'u a Zinder da Yamai a watan Janairun 2015, sun san ɗacin tauye haƙƙi a jikinsu, ba labari aka ba su ba.

Tun da Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, nauyin ya ƙara komawa kan kotunanmu na gida da irin waɗannan bayin Allah masu kai talaka ƙofarsu. Saboda haka shawarata ga iyayenmu mata na zumunta ita ce, a baɗi su haɗa atamfar da ɗan asusun kuɗin mota, domin wanda zai taso daga ƙauyen Illela ko Bouza ya bi shari'a sau biyar ko shida, galibi rashin kuɗin hanya ne ke sa shi janyewa.

Kai kuma, Malam Edita, ban ga ɗan jarida ko ɗaya a wurin ba, alhali da wani babban jami'i ne ya zo yanke kyalle da an cika zauren da na'urorin ɗaukar hoto. Ina roƙon ka turo wakilinka Tawa ya zauna da waɗannan mutane uku ya ji daga bakinsu. Ni zan raka shi gidajensu.

Naka,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Tawa.