Wasiƙar Godiya ga Ofishin da Ya Kai Mu Duwatsun Ikom

Zuwa ga Alhaji mai kamfani da ma'aikatansa na ofishin shirya tafiye-tafiye, Sabon Gari, Zariya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ranka ya daɗe, na rubuto ne a madadin 'yan uwana malaman sakandare masu koyar da tarihi da labarin ƙasa, waɗanda kuka kai Jihar Kuros Riba a dogon hutun damina. Mun ga gara godiyar ta fito fili, domin yabon gwani ya zama dole.

Da muka zo wurinku, Obudu da Kalaba kaɗai ke bakinmu, su muka saba ji. Ba ku musa mana ba. Malamin da ke tsara muku hanya ne ya shimfiɗa taswira, ya ɗora yatsa tsakanin Ogoja da Ikom, ya ce, "Malamai, in kuka wuce nan ba ku tsaya ba, ɗalibanku na bin ku bashi." Ashe ƙauyen Alok yake nufi.

A can muka ga duwatsun da mutanen Bakor ke kira akwanshi. An kafa su a tsaye, sun yi da'ira a gindin itatuwa, wasu iya gwiwa, wasu sun kai tsayin mutum. Mafi yawansu baƙin dutse ne mai tsananin tauri, amma an sassaƙa musu fuska, ido a waje, baki a buɗe, da gemu mai tsini, ga ƙatuwar cibiya a ƙasa, ga zane a kumatu kamar tsagar gado. Baturen mulki Charles Partridge ya ba da labarinsu tun 1905, daga baya wani Bature mai suna Philip Allison ya bi ƙauyuka a farkon shekarun 1960 ya ƙidaya kusan 300. A 2007 Najeriya ta sa su cikin jerin wuraren da take nema wa shiga kundin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO. Duk da haka ɓarayi sun sace wasu sun sayar a ƙasashen waje, wutar daji kuma tana farfasa waɗanda suka rage a cikin gonaki. Mun ga ɗaya da zafin wuta ya tsage shi daga ka har cibiya.

Abin da ya fi burge mu shi ne yadda kuka shigar da mu garin. Kun aika tun kafin mu iso, aka fara kai mu gaida dattawa, sannan ɗan gari ya shige gaba. Wani daga cikinmu ya ja baya, ya ce shi bai zo kallon gumaka ba, musamman da ya ji ana shafa musu launi ana ba su sakwara lokacin bikin sabuwar doya. Jagoranku bai yi gardama da shi ba. Ya ce masa tarihi muka zo gani, ba wanda zai sa mu cikin al'adar kowa, kuma mai masauki yana da haƙƙin a girmama shi. Ƙarshenta abokin namu ne ya fi kowa ɗaukar hoto.

Daga Ikom kuka kai mu Agbokim, inda ruwa ke zubowa ta rassa 7 daga kan dutse, ga gonakin koko ko'ina a hanya. Da yake damina ce ruwan ya cika, sai da ihu muke jin juna. A tsaunin Afi da ke yankin Boki kuma kun gaya mana gaskiya tun daga Zariya, cewa hanyar laka ce, kuma kada mu sa ran ganin goggon birin Kuros Riba, wanda bai wuce 300 ba a duniya, yana kuma gudun mutane. Mun dai ga birin nan mai baƙar fuska da ake kira diril a wurin da ake renonsa. Kun kuma ce tsattsewar da ke tasowa daga Turai ta kwana a garin Boje na yankin sai da rani ake samunta. Da wani kamfanin ne, da ya yi shiru ya karɓi kuɗinsa.

Obudun ma mun je. Gonar shanun da aka kafa a 1951 tana nan a kan tsaunin da ya haura mita 1,500, hazo ya rufe ta, mu da muke taƙama da sanyin Samaru sai ga mu muna neman bargo. A Kalaba kun sauke mu kusa da Bogobiri, unguwar Hausawa, saboda haka batun masallaci da yanka bai dame mu ba, muka leƙa tsohon gidan Razdan na katako wanda aka kawo daga Birtaniya a 1884, yanzu gidan tarihi ne. Direbanku ma a gaishe shi, bai taɓa bari lokacin salla ya wuce muna cikin mota ba.

Ƙorafinmu ɗaya ne, Alhaji: lokacin Alok ya yi kaɗan, a ƙara shi ko da za a rage na Kalaba. Muna kuma roƙon ku tsara wa ɗalibanmu irin wannan a nan gida, zuwa Kufena da Turunku, kafin mu tara musu kuɗin Ikom. Allah Ya ƙara buɗi, Ya tsare motocinku a hanya.

Naku,
Malamin tarihi, a madadin abokan tafiya,
Tudun Wada, Zariya.