Yaya, ka fita bayan gari ka yi ihu

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba. Kuɗin da na turo a fara cire na 'yan garuwa, na san halin ruwa a Damagaram in bazara ta kama.

Inna ta gaya mini tun sadakar arba'in ba ka cin abinci, ba ka barci, ba ka ce wa kowa uffan. Shi ya sa na rubuto, don a waya nauyinka ba zai bar ni in faɗa ba.

Ni ma na shiga wannan hali. Nan Marsey, a ƙasar Faransa, gida bisa gida ne, in ka ɗaga murya da dare maƙwabci zai buga ƙofa. Labarin rasuwar ya same ni ni kaɗai a ɗaki, na danne kukana cikin matashin kai. Wata biyu ƙirjina kamar an ɗora masa turmi. Lokotoro ya auna ni ya ce tansiyona ya hau, wato hawan jini. Sai wani abokin aikina, mutumin Maraɗi, ya ja ni filin ƙwallo na Velodrom, mai ɗaukar sama da mutum 67,000. Da ƙwallo ta shiga raga, gari ya ɗauka, na wage baki na kurma ihu iya ƙarfina, hawaye na zuba. Baba nake kira, Yaya, ba wanda ya ji ni. Daren nan na yi barcin da rabona da shi tun ranar rasuwa.

Mai ihu dole ya cika huhunsa, ya saki numfashin da tsawo, kuma dogon fitar numfashi yana lafar da bugun zuciya. Ni na ji wuyana da kafaɗuna da muƙamuƙina sun saki. A 2020, lokacin korona, ƙasar Aisilan har lasifika ta kafa a jeji, mutanen duniya na turo ihunsu ta intanet ana saki. Mu kuwa da abinmu: kirarin ɗan kokowa kafin ya kama abokin karawa, guɗar mata ranar biki, sowar da muke yi a ƙofar fada ranar hawan salla. Girma ne ya rufe mana baki, aka ce namiji ba ya kuka.

Na san za ka tuna mini Suratu Luƙman, inda aka ce a sassauta murya. Gaskiya ne, kuma ba tsawa ga iyali nake nufi ba, wannan ƙara wa zuciya wuta take. Amma alhaji ma ɗaga murya yake da talbiya.

Ka hau babur ka bi hanyar Mirya, ka tsaya cikin duwatsu inda ba kowa. Sau uku ko huɗu ya isa, kada maƙogwaro ya dushe, ka riƙe ruwan sha. Kuma don Allah ka je asibiti a auna tansiyonka, in sun ba da magani ka sha, ihu ba zai tsaya a madadinsa ba.

A gaida Inna, a ce mata ina saka rigar sanyin. In ka je duwatsun ka kira ni, ko ƙarfe nawa ne.

Ƙaninka,
daga Marsey