Ta Hau Dutsen, Mutumina

Katsina, daren Lahadi

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya ruwanku da ba ya ɗaukewa? Kai dai shiru kamar an aiki bawa garinsu. Gwaggo ta ce in tambaye ka maganar zuwa bikin Dogo, amma tsaya tukuna, akwai labari.

'Yar motar nan tawa ta rimot ta hau dutsen! Dutsen nan na cikin ƙorama ta wajen Ajiwa, wanda ka rantse ko akuya sai ta yi tunani kafin ta taka shi. Na san kana can kana dariya, wai magidanci da 'ya'ya ya koma wasan motar yara. To motar yara dai ba ta da giya biyu. TRX-4 ce ta kamfanin Traxxas na Amurka, girmanta kashi ɗaya cikin goma na motar Land Rover Defender ta gaske, kuma daga rimot nake kulle tayoyinta duka huɗu su riƙa juyawa tare. Ba gudu ake nema ba. Lallaɓawa ake yi, taya ɗaya bayan ɗaya, kana duban inda za ta dafa kafin ka taɓa makunnin.

Da can, ta kai rabi sai gabanta ya ɗaga ta kife da baya. Malam mai walda ne ya ce nauyinta ya yi sama da yawa. Muka ɗaura mata tagulla a ƙafafun gaba, na sauya soson cikin tayoyin da mai laushi don su kama dutse. Jiya ta hau tiryan-tiryan, cikinta bai ko goga ba, don aksul ɗinta a ɗage yake sama da tsakiyar taya. Wasu yara Fulani masu kiwo suka bar shanu suka zo kallo. Ɗaya ya leƙa ciki yana neman direba!

Shi kuwa Dogo, tun da aka sa rana ba ya ganin kowa. Ya yi ƙiba, wallahi. Tasa motar tana kan sif tana shan ƙura, ya ce amarya ba za ta gane ba. Ni na ce ya sayar mini da batirinsa.

Damuwata ruwa da yashi. Kayan wutarta ba sa jin ruwa, amma boris yana ji. Duk fita sai na kwance tayoyi, na wanke, na shanya, na sa giris, in ba haka ba tsatsa. Ga batirinta, irin wanda ake kira LiPo, da ba a barinsa a rana ko a caji ba kowa kusa, ga wutarmu da ka sani. Na zaga Katsina ban samu ƙananan boris irin nata ba. Don Allah ka duba mini a can, zan turo maka hotonsu ta WhatsApp. In ka samu ka sayi da yawa, kuɗinka sai ka zo.

Damina na ƙarewa ƙoramar za ta koma yashi zalla, don haka Asabar ma can za ni.

Ka gaida madam da yara. Hajiya na gaishe ka, ta ce har yanzu tana jiran man jan da ka yi mata alkawari.

Naka,
Sarkin Direbobin Ƙorama