Manomin Ingila na da da mai jinginar gona a ƙasar Daura

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi tsokaci a kan ƙananan manoman Ingila na ƙarshen zamanin Angulo-Sakson, wato mutanen da ke mulkin ƙasar kafin Wiliyam, shugaban yankin Nomandi na arewacin Faransa, ya ci ta da yaƙi a 1066, domin halinsu ya yi kama da abin da nake gani a ƙauyukanmu.

Wata takarda ta wancan zamani ta fayyace abin da ke wuyan manomin da ke zaune a ƙasar ubangidansa. Ubangidan kan ba shi shanun huɗa biyu, da saniya, da tumaki shida, da eka bakwai da aka riga aka shuka. Shi kuwa zai yi masa aiki kwana biyu kowane mako, kwana uku lokacin girbi, ya kuma kai kuɗi da sha'ir da kaji biyu duk shekara. Ba bawa ba ne, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne, ranar da ya rasu ubangidan ke karɓe abin da ya bari.

Bara na ga maƙwabcina, wanda ya jinginar da gonar gado saboda kuɗin magani, yana ƙodago a cikinta, ana loda damman geron a amalanken wani, shi kuma yana tsaye da lauje a hannu. Ina kira ga dagatai da masu unguwanni su riƙa rubuta sharuɗɗan aro da jingina a gaban shaidu, har da lokacin fansa.

Naku,
Wani mai karatu daga Daura